Gwangwanin Kulu da Sandar Mai Kunne Huɗu

Tsufa ya share mini ranaku da yawa, ya kwashe ya kai juji, amma akwai wata Lahadi guda da tsintsiyarsa ta kasa ɗauka. Ita zan ba ku yau, ku 'ya'yana da kuka gaji wannan aiki namu na shara, don na ji labarin wasunku na ɓoye tsintsiya cikin mayafi in za su ratsa kasuwa. To ku zauna ku ji. Ni ban yi boko ba, ban san shekara da lamba ba. Abin da na sani, an riga an canza kuɗi an kawo naira, an gama ɗaga bangon dam na Bakolori, ruwa ya fara taruwa a bayansa yana cin gonakin mutane ta wajen Maradun.

A lokacin ina shara a barikin kamfanin da ke aikin dam ɗin. Sunana A'i, amma a can ba mai kirana sai da Ta Tsibiri, don a Tsibiri aka haife ni. Ga yadda tsarin wurin yake. A can sama akwai manaja, Bature, wanda ba mu san komai nasa ba sai wucewarsa. Ƙarƙashinsa akawu. Ƙarƙashin akawu heluma, wato shugaban leburori da masu gadi da masu ban ruwa da masu shara. Ƙarƙashin heluma mu. Ƙarƙashinmu ƙasa. Kowace safiya tankifa, mai kiran suna, zai tsaya da littafinsa, wadda ta amsa ta ɗauki tsintsiya, wadda ba a kira ba ta san ta koma gida ke nan.

Rabona ni da Kulu shi ne filin shan iska. Fili ne a tsakiyar bariki, da kujerun siminti da lilo da furanni da itatuwan dalbejiya, ga wata tsohuwar tsamiya a kusurwa wadda aka ce kasuwa ta taɓa ci a gindinta tun zamanin kakanni. Ranar Lahadi kowa na shiga, har mutanen Talata Mafara kan zo da iyalinsu su zauna. Wata siririyar hanya ta ratsa filin daga gidan manaja zuwa ofis, ta nan yake bi safe da yamma. Kulu kuwa ƙanwa ce gare ni a aiki, ba ta jini ba. Ruwan dam ya cinye gonar mijinta, mijin ya tafi kudu neman abin yi bai aiko da ko gaisuwa ba, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da tsohuwa. Tsintsiyar nan ita ce tukunyar gidansu.

Da aikin bango ya ƙare sai magana ta fara yawo cewa za a rage ma'aikata, kuma manaja ya ce heluma ne zai kawo sunaye. Mutane suka ruɗe. Sai aka ji labarin wani malami a Damri mai ba da taimako. Zai rubuta sunanka da na uwarka a 'yar takarda, ya naɗe da jan zare, ya sa a ɗan gwangwanin man shafawa, ya jefa anini a ciki, irin mai hujin nan da aka daina karɓa. Yana cewa kuɗin da ya daina yawo, mai shi ma zai daina yawo. Sai ka binne a inda manaja zai tsallaka. Allah Ya yafe mana, yunwa ba ta san hukunci ba. Ni na kai Kulu wurinsa da ƙafata.

Helumanmu, Malam Bawa, mutum ne mai tsawo da kaifin harshe, ba ya rabuwa da tasbaha, ba ya kuma rabuwa da takalmin ruwa na kamfani ko da bazara, don a san shi wane ne. Da ya ga furanni na mutuwa saboda tone-tone, ya tara mu bayan kiran suna ya yi mana wa'azi har rana ta ɗaga. Ya ce binne-binne shirka ne, ya ce shi bai taɓa dogara da kowa ba sai Allah, ya ce duk wanda aka kama sunansa ne na farko a takardar ragi. Muka ce gaskiya ne, Heluma.

Amma akwai abin da bai sani ba game da shara. Ƙasar da kika saba sharewa kullum tana da fuska, kin san ta kamar fuskar ɗanki. In an taɓa ta, tsintsiya za ta gaya miki kafin ido, za ki ji ta nutse inda jiya take zamewa. Kuma kowace mai shara da hannunta. Ni daga hagu nake ja zuwa dama, layi kan layi kamar kitso. Na san inda mai ban ruwa ya binne nasa gwangwanin, na san na direba, na san na kuku. Wata safiya, kwana kaɗan bayan wa'azin nan, na iso bakin 'yar ƙofar da hanya ta tsuke kusa da ofis, wurin da manaja ba shi da zaɓi sai ya taka. Sai na ga an yi shara a kan sharata. An gitta mini layi, an ja tsintsiya gaba da baya kamar mai korar kaji, sharar namiji dai. A gefe kuma, inda mai sharar ya ja da baya ya tsaya yana duba aikinsa, ga sawun takalmin ruwa guda biyu sun zauna daram. Na share sawun, na gyara layina, na rufe bakina.

Yanzu ga Baturen. Ba manaja ba, wani ne daban, mai kula da famfunan ruwa na bariki. Kamfani ya ba shi wata sanda mai faifai a ƙasa, kamar faifan rufe ƙwarya, da ɗan akwati a rataye, da wasu abubuwa biyu da yake kifawa a kunne. Don haka muke ce masa Mai Kunne Huɗu. Aikin sandar shi ne gano bututun da aka binne, in faifan ya zo kan ƙarfe sai akwatin ya yi kuka kamar gyare. Shi kuwa ashe a ƙasarsu yana da wata tsurfa, tara tsofaffin kuɗi. Da ya ji labarin kasuwar gindin tsamiya, sai ya samo izinin manaja ya yi yawo da sandarsa a filin ranar Lahadi. Aka ce heluma ya zo ya yi tafinta, Baba Sanda mai gadi ya riƙe shebur, ni kuma in nuna wuri tunda ni na san ƙasar. Baba Sanda tsohon soja ne, yana jin Turanci, yana kuma karanta ajami. Shi ya fassara mini duk abin da aka faɗa da Turanci daga baya.

Bayan la'asar muka fara. Mutane suka taru, sai Baturen ya cire abin kunnen ya saki muryar akwatin don kowa ya ji. Na kai shi gindin tsamiya ta gabas, inda na san masu fura ne za su zauna saboda inuwa. Ba a yi taku goma ba gyare ya yi kuka. Baba Sanda ya kafa shebur, sai ga ƙusa. Aka yi dariya. Na biyu murfin kwalba. Na uku kuwa kwabo mai huji, ya yi kore shar. Baturen ya tofa masa yawu ya goge a wandonsa ya ɗaga sama, kai ka ce haihuwa aka yi masa. Daga nan sai anini, sai sisi, sai wani anini, sai zoben linzami. Ya ba ni wani kwano in riƙe, duk abin da ya fito ya jefa ciki ya ce, “Mama, kuɗi tsoho! Mama, da kyau!”

A nan Shaiɗan ya same ni. Ni da ba a taɓa kallona ba sai in ƙura ta tashi, yau ga ni a gaba da kwano, Bature a baya, jama'a na biye. Kaina ya kumbura. Da za mu koma, maimakon in zagaya da su ta bayan lilo, sai na bi siririyar hanya ina taku ɗai-ɗai. Na manta shaf da abin da ke kwance kusa da kujera ta biyu, abin da ni da kaina na nuna wurin sa shi. Sai da gyare ya tsala kuka na tuna.

Shebur biyu, ga gwangwani. Baturen ya buɗe, ya ga anini, ya ga takarda da jan zare, idonsa ya ƙara girma. Ya miƙa wa heluma ya karanta. Malam Bawa ya warware zaren a hankali kamar mai ɓare alewa, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi yadda har na bayan lilo za su ji.

“Kulu, ɗiyar Hassi.”

Kulu na tsaye cikin mutane da kwandon tsintar takardu. Na ga kwandon ya sauka ƙasa shi kaɗai.

“To, Kulu,” in ji heluma, yana murmushi don Bature ya zaci hira ce, “gobe in anka kira suna kada ki wahal da kunnenki. Ki aje tsintsiya wurin tankifa.”

Baturen ya tambayi mene ne wannan, heluma ya ce masa gobe zai yi bayani gaban manaja. Yana so ya kai abin da zafinsa ofis. Kulu ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni ta ce, “Yaya, ke ce kika kawo su nan?” Gara a ce mari ta ba ni.

Na dubi kwanon da ke hannuna, na dubi 'yar ƙofar can kusa da ofis. Sai na matsa kusa da Baturen na yi nuni da haɓa na ce, “Masta, akwai wani wuri.” Wannan Hausar ya ji ta ba tafinta. Na wuce gaba, suka biyo.

Taku ashirin ne ko talatin tsakaninmu da ƙofar. Ban yi sauri ba. Da farko heluma yana ta ba wa Baba Sanda labarin yadda ya daɗe yana zargin Kulu. Da muka wuce kujera ta uku labarin ya fara tsinkewa. Da muka wuce dalbejiya ta ƙarshe sai ga shi a kafaɗata.

“Ta Tsibiri, rana ta yi sanyi, Bature ya gaji. A bari sai wata Lahadi.”

“Bai ce ya gaji ba, ranka ya daɗe.”

“Wanga wuri ba a yi kasuwa ba.”

“Ai ba kasuwa kaɗai ke yar da anini ba.”

Tasbaha na ta gudu a hannunsa. Muka ƙara taku biyar.

“Mi kike nema?”

“Tsintsiyar Kulu, ranka ya daɗe. Ta kwana hannunta, ta wayi gari hannunta.”

“Ke tsohuwar banza, ni za ki yi wa ciniki? Ban san abin da kike faɗi ba.”

Ban kai arba'in ba a lokacin, amma na bar masa tsufan. Na ce, “To madalla. Wanda bai binne komi ba, mi ya haɗa shi da shebur?”

Allah Ya sani niyyata in tsorata shi ne kawai, ya ce ya ji, in karkata da su wajen furanni a tono wata ƙusa a watse. Amma girman kai ya riƙe masa harshe har muka zo taku biyu da wurin. Sai can ya ce da sauri, ƙasa-ƙasa, “Na ji, na ji, juya da shi!” Na juya. Sai dai Baturen ba da ƙafata yake tafiya ba, da faifansa yake, faifan kuwa ya riga ya yi gaba. Gyare ya yi wani kuka da bai yi irinsa ba tun la'asar.

Na san in aka tona asirin mutumin nan gaban jama'a, ba Kulu kaɗai zai tafi da ita ba, har ni, har duk wanda ya yi dariya.

Heluma ya yi tsalle ya tsaya a kan wurin da takalminsa na ruwa, ya shiga Turanci. Baba Sanda ya ce cewa ya yi, “Masta, kada a tona, bututun famfo ne a nan, za a fasa.” Ku ji fa wanda yake gaya wa. Mutumin da ya shimfiɗa kowane bututu na barikin nan da hannunsa. Baturen ya kwashe da dariya, ya nuna can bayan ofis da sandarsa ya ce bututu can ya bi, ya dafa kafaɗar heluma ya matsar da shi gefe kamar ana matsar da turmi. Baba Sanda ya tofa yawu a hannu ya kafa shebur. Ban taɓa ganin ya yi aiki da nishaɗi irin na ranar ba.

Ga gwangwani. Ga anini. Ga jan zare. Baturen ya miƙa wa heluma takardar.

Malam Bawa ya warware. Baba Sanda ya leƙa ta kafaɗarsa, na ga leɓensa ya motsa, na ga gemunsa ya yi rawa. Sai ya ja da baya ya ce da babbar murya, “Kai, idona ya mutu. Heluma, karanta muna, kai ne mai ilimi.”

Jama'a suka matso, har lilo aka tsayar. Gumi na bin wuyan heluma yana shiga riga. Ya kai takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya ta sama da ƙasa. Sannan ya ce wa Baturen wannan tsohon abu ne ƙwarai, na mutanen kasuwar da, tawada ta koɗe, suna ya goge, ba mai iya karantawa.

Baturen ya gyaɗa kai. Ya karɓi gwangwanin, ya sa hannu a aljihu ya ciro na Kulu, ya jera su a tafinsa. Gwangwani iri ɗaya. Zare iri ɗaya. Ya shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe, hannun rubutu ɗaya, ko ni da ban san alif ba na ga haka. Ya juya gwangwanayen ya daɗe yana duba ɗan rubutun bokon da ke gindinsu. Sai ya ɗago ya tambayi heluma, a natse, in wannan na mutanen da ne, ashe wancan ma na mutanen da ne ke nan?

Heluma ya ce haka ne, Masta.

Baturen ya nuna Kulu da ɗan yatsa ya ce, “Kulu?”

Heluma ya ce a'a, wata Kulu ce, ta zamanin da, ta daɗe da rasuwa.

“Allah Ya jiƙanta,” in ji Baba Sanda. Jama'a suka ce amin. Har Kulu ta ce amin.

Baturen ya ce tunda kayan tarihi ne, shi zai adana su, ba sai an dami manaja ba. Ya zuba duka biyun a aljihun ƙirjinsa ya ɓalla maɓalli. Ya karɓi kwanonsa a hannuna, ya ce, “Mama, da kyau,” ya kanne mini ido ɗaya, ya saɓa sandarsa ya tafi. Har yau ni da kaina ban yanke ba ko ya yarda da maganar mutanen da. Baba Sanda ya rantse mini ya gane sarai, don irin man nan a kantin bariki ake sayar da shi.

Washegari tankifa ya buɗe littafi. Ya kira ni na amsa. Ya kira Kulu, ta amsa da muryar da ta tashi tsuntsaye daga dalbejiya. Heluma yana tsaye yana kallon sama kamar mai duba hadari. Da takardar ragi ta fito babu sunanta, kuma ta riƙe tsintsiyarta har ranar da kamfani ya naɗe kayansa muka tafi gaba ɗaya.

Amma a makon nan Kulu ta kasa barci. Ta ce abinta ya tafi aljihun Bature, yanzu ba ta da komai a ƙasa, ta ji kamar tana tafiya ba zane. Na yi mata faɗa, na ce ba ta ga yadda Allah Ya fid da ita babu gwangwani ba? Ta ce ta gani, amma dai in raka ta. Ranar hutunmu muka hau motar kasuwa zuwa Damri, ni rakiya kawai na yi, ku rubuta haka. Muka yi sallama a zauren malamin, muka sa kai. A kan tabarma, cikin masu jiran layi, ga Malam Bawa a zaune, ya sa farar riga, ya naɗe ƙafa.

Muka durƙusa. Ina wuni, Heluma, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya iyali, yaya zafi, yaya muka ji da aiki, yaya hanya, yaya mai jiki, ai ba mai jiki, to madalla. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake ɗauko ta daga farko. Ba wanda ya tambayi wani abin da ya kawo shi. Can sai ya tattara rigarsa, ya matsa gefe, ya bar mana wuri a tabarma.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. A wurin aiki, na sama da na ƙasa tsoro ɗaya ke kwana da su, sai dai na sama ya fi iya wa'azi a kansa. Mai shara kuwa tana ganin abin da ba a nuna mata ba, kuma shi ne dukiyarta, shi ne kuma jarrabawarta. Ni na ɗauko nawa sau ɗaya, don tukunyar Kulu, da taku biyu na kusa ƙona gida duka. In kin san asirin mutum, riƙe shi kamar garwashi a kasko, a ɗebi wuta a dafa tuwo, kada a kai shi kusa da dannin kara.